Gonar Malam, Lambunan Sin Da Ruwan Kainji

Duk malamin da ya tara almajirai hamsin a ƙofar gidansa, da lissafi ɗaya yake kwana, da shi kuma yake tashi: me yaran nan za su ci yau? Allo ba shi da tsada. Tawada da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, alƙalami kuwa a bakin gona ake yanko shi. Tuwo ne mai tsada, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mun daɗe muna kai-kawo a kan bara. A 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka kuma gina irinta sama da 150 a jihohi. A 2020 Kano ta hana bara a titi, a shekarar ce kuma, da korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka yi ta loda yara a motoci ana mayar da su garuruwansu. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Gini ya samu, doka ta samu, hukuma ta samu. Tukunya ce har yau ba a zauna an yi mata zance na tsanaki ba.

Alhali tsangaya ta dā tana da amsarta, amsar kuwa gona ce. Idan malami ya sauka gari, dagaci ko hakimi kan yanka masa fili a bayan gari, ya kafa bukkoki, ya share sauran ya yi gona. Ruwa na sauka sai karatu ya koma asuba da dare. Da hantsi gardawa su saɓa garma, titibirai su bi su da shuka da ciro, kolaye su kai ruwan sha su kori tsuntsaye. Da kaka a ɗaure damuna a cika rumbu, manoman gari su ƙaro da zakka, dami ɗaya cikin goma. Karan da aka sare a gonar nan shi ake tarawa a hura wutar karatun dare, yara su kewaye ta da allunansu, hayaƙi na shiga ido ana biya aya. Alhamis da Juma'a, da babu karatu, gardi ya tafi ƙodago ko ya zauna ɗinkin hula ya sami kuɗin sabulu. Ana yin bara, ba a ce ba a yi ba, amma ta ƙananan yara ce a cikin unguwar da ta san su, kowane da gidan uwar ɗakinsa inda ake ajiye masa ƙanzo da ɗumame.

Abin da ya karya wannan tsari a fili yake. Gari ya cinye gonakin bayan gari, fili ya koma kuɗi. Farin 1973 da na 1984 suka kora mutanen karkara birni. Malami ya bar ci-rani na wata huɗu ya zama mazaunin birni shekara cur, a gidan haya ko a soron wani attajiri, ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Yara suka ƙaru, rumbu ya ɓace, aka bar roba ta ɗauki nauyin da gona da zakka da uwar ɗaki suke ɗauka tare.

Wasu mutane, can nesa da mu a ƙasa da aƙida, sun yi karo da wannan tambaya shekaru sama da 1,500 da suka wuce, kuma sun bar labarin a rubuce dalla-dalla. Su ne 'yan zuhudun addinin Buda na ƙasar Sin, mutanen da ke aske kai, su bar aure da iyali, su tare a gida ɗaya suna karatu da ibada irin tasu. Babu zuhudun barin aure a Musulunci, malaminmu magidanci ne mai mata da 'ya'ya, don haka ba addini nake gwadawa ba. Cikin mai karatu nake magana a kai, shi kuwa iri ɗaya ne a ko'ina.

A Indiya, inda addinin ya faro, bara ita ce ƙa'ida. Ɗan zuhudu kan fita da safe da akushinsa, ya ci abin da aka zuba masa kafin rana ta yi tsaka, kuma dokarsu ta hana shi haƙa ƙasa ko sare tsiro, gudun kashe ƙananan halittu. Duk da haka a lambu suka fara zama. Sarki Bimbisara ya ba Buda kurmin gora kusa da birninsa, wani attajiri kuma, Anathapindika, ya sayi lambun ɗan sarki Jeta ya ba su, ana cewa sai da ya shimfiɗe ƙasar wurin da zinariya kafin a sallama masa. Da addinin ya isa Sin, sai ya tarar da mutanen da ke ganin ƙaton da ba ya noma, ba ya biyan haraji, ba ya haihuwa, a matsayin cima-zaune. Ga sanyi mai tsanani, ga gidajen da aka gina a kan duwatsu nesa da gari. Akushi bai isa ba. Sai aka koma ba su ƙasa.

Wani ma'aikacin fada mai suna Yang Xuanzhi ya ratsa birnin Luoyang wajen 547, ya tarar da shi kufai, ya zauna ya rubuta yadda yake kafin a watse a 534. Ya ƙirga gidajen ibada 1,367 a birni ɗaya. Da yawansu asali gidajen manya ne. Bayan kisan gillar da aka yi wa 'yan sarauta da fadawa a 528, iyalai suka riƙa sadaukar da gidajen mamatan, da tafkunansu da itatuwansu da duwatsun ado, shi ya sa lambun gidan zuhudu a Sin ya tashi da kamannin lambun mai kuɗi. A gidan da ake kira na Farin Doki akwai rumman da inabi da babu irinsu a birnin. Idan sun nuna, sarki kan aika a tsinko ya raba wa matan fada, su kuma su aika wa danginsu, wanda ya samu ya ji nauyin ci ya miƙa wa wani, har ɗan itace ɗaya ya zaga gidaje da dama kafin a fasa shi. A zamanin daular Tang kuma, a birnin Chang'an, mutanen gari kan yi dafifi zuwa gidan Ci'en, wanda aka gina a 648, don kallon furanni idan sun buɗe. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati kan kama ɗaki a irin waɗannan gidaje saboda shiru da littattafai. Talakan da bai isa ya leƙa lambun basarake ba, a nan yake samun inuwa.

Bayan furanni akwai fangalin miya, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Sarki Wu na daular Liang, wanda ya yi mulki daga 502 zuwa 549, ya tara manyan 'yan zuhudu ya ɗora musu barin nama da giya, tun daga nan ganye da wake da hatsi suka zama abincinsu. Wanda ba ya cin nama kuwa dole ya riƙi lambu da gaske. Sai dai manomin Yawuri da zai kai musu kaya zai dawo da buhunsa a ɗaure, domin albasa da tafarnuwa suna cikin kayan yaji biyar da aka hana su ci, wai suna tayar da sha'awa da fushi. Basarken da ke su a Kainji shi ma ba zai ji daɗinsu ba. Wani babban malaminsu, Zhiyi, wanda ya rasu a 597, ya tara kuɗi ya sayi wuraren kamun kifi a gaɓar ruwa kusa da dutsen Tiantai don kawai a daina kamun, gidaje da yawa kuma suka haƙa tafkin da ake sakin kifi da kunkuru a bar su su rayu.

To wa ke yin noman, tunda doka ta hana masu gidan taɓa ƙasa? A nan labarin ya fara wari. Tun a ƙarni na 5, a daular Wei ta Arewa, an ware wasu gidajen manoma da aka ɗora wa kai hatsi duk shekara, aka kuma miƙa fursunoni da bayin gwamnati ga gidajen zuhudu su yi shara su yi noma. Ƙasar da aka bayar sadaka galibi ba a karɓar haraji a kanta, sai masu kuɗi suka gano dabara: mutum ya rubuta gonarsa da sunan gidan ibada, amfanin ya ci gaba da shiga aljihunsa. Gidajen suka kafa dutsen niƙa mai juyawa da ruwa, suka kafa matsar mai, har rigima ta riƙa tashi tsakaninsu da manoman da aka tare wa ruwan ban-ruwa. Takardun da aka gano a wani kogo a Dunhuang a 1900 sun nuna yadda suke ba manoma rancen hatsi da bazara a biya da kaka da ƙari, wani lokaci rabin abin da aka ranta. Wurin da aka kafa don gudun duniya ya wayi gari shi ne mai gona, shi ne mai niƙa, shi ne mai ba da bashi.

A 845 Sarki Wuzong ya sauke musu guduma. Lissafin fada ya ce an rushe manyan gidaje 4,600 da ƙananan wuraren ibada kimanin 40,000, an tilasta wa maza da mata 260,500 komawa zaman gida su biya haraji, an karɓe bayi 150,000 da gonaki masu ɗimbin yawa. Aka narkar da ƙararrawa da gumakan tagulla aka buga kuɗi, na baƙin ƙarfe aka ƙera kayan noma. Wani ɗan zuhudu Bajapane, Ennin, yana Chang'an a lokacin, ya rubuta abin da ya gani kafin a kore shi. Sarkin yana da ƙiyayyar addinin a ransa, gaskiya ne, amma baitulmali ma ya bushe, dukiya kuwa ga ta a jibge inda ba a taɓa ta. Ya mutu a 846, magajinsa ya sassauta, sai dai da yawa ba su sake tashi ba.

Cikin waɗanda suka farfaɗo da ƙarfi akwai ɗariƙar Chan, wadda Japanawa ke kira Zen. Wani ɓangare na dalilin shi ne gidajensu da yawa suna lunguna da larduna masu nisa, inda umarnin fada bai yi tasiri sosai ba. Amma akwai kuma halin da suka yi suna da shi, na ɗaukar aikin hannu a matsayin ibada. Ana ba da labarin shehinsu Baizhang, wanda ya rasu a 814, cewa da ya tsufa almajiransa suka ɓoye masa kayan aiki don ya huta, shi kuwa ya ƙi cin abinci har sai da aka mayar masa. Suna da aikin gayya: a buga katako, kowa ya fito, daga shugaban gida har sabon shiga, a tafi gona ko itace ko tsinkar ganyen shayi, ban da mara lafiya da mai gadin ɗaki.

Littafin dokokinsu mafi daɗewa da ya iso hannun mutane, wanda Zongze ya tsara a 1103, shi ya fi ba ni sha'awa, saboda bai tsaya ga wa'azi ba. Ya jera muƙamai: ma'aji, mai kula da madafa, mai kula da niƙa, mai kula da gonakin nesa, da sarkin lambu. Ya faɗa wa sarkin lambu ya zuba taki, ya ja fangali, ya san lokacin latas da na gauta da duma da kokwamba da alayyafo, kada wata ya zo tukunya ba ganye. Ya ce mai kyau na jama'ar gida ne, abin da ya yi saura shi ake sayarwa. Kuma muƙaman nan ba na din-din-din ba ne, ana riƙewa na wani wa'adi a sauka a miƙa lissafi. Kada dai a ɗauka da guminsu kaɗai suka rayu. Masu binciken tarihi sun nuna manyan gidajen Chan na zamanin daular Song su ma suna da gonaki da 'yan haya masu noma musu. Bambancin shi ne an rubuta wa kowa aikinsa da iyakarsa, kuma babba bai fi ƙarfin fartanya ba.

Ba sai mun je Sin aron lambun sadaka ba. Abu Ɗalha ya sadaukar da Bairuha, lambun da ya fi so a Madina. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, amfaninta na mabuƙata, daga nan malamai suka ɗauko hukuncin waƙafi. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya, har yau akwai gonar dabino a wurin. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, garin da aka haɗa tsaro da karatu da noman fadama, a wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kuma ya ɗora wa shugaba kula da manoma da masu sana'a. A Senegal muridan Shehu Ahmadu Bamba sun kafa makarantun gona suka cika ƙasar da gyaɗa, ko da yake can ma an sha tambaya ko gumin almajiri ya fi komawa ga karatunsa ko ga aljihun manya.

Yanzu a dubi ƙasar Yawuri. Samun ruwa da rani, wanda malamin Kano ko Katsina zai yi ta addu'a a kai, a nan kyauta ne. Kogin Kwara na cika sau biyu a shekara: da ruwan daminarmu, sannan da ruwan da aka yi a tsaunukan Gini, wanda ke tafe a hankali ta Mali da Nijar ba ya isowa sai cikin hunturu. Shi ya sa tafkin Kainji ke cike a daidai lokacin da ko'ina ya bushe. Idan kuma ya fara ja da baya, sai ya bar ƙasa mai laima a gefensa. Gungawa sun san noman albasa da ban-ruwa tun suna tsibiransu, kafin madatsar Kainji ta cika a 1968 ta tashi mutum sama da 40,000, har da tsohuwar Yelwa. Yau daga Shanga zuwa Zamare, daga Yelwa zuwa Wara, ƙarar injin ban-ruwa ba baƙuwa ba ce. Amma a garuruwan nan ma za ka ga yaro da roba a tashar mota da bakin kasuwar kifi, ruwa na kwance bayansa.

Akwai wani abu na fiƙihu da ya kamata a lura da shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, zakkar amfanin gona tana kan hatsi da dangoginsa, irin gero da dawa da shinkafa da wake, ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne, ɗaya cikin ashirin idan da wahala aka shayar. Albasa da tumatir da tattasai ba a fitar musu da zakka ranar girbi. Ke nan, gwargwadon yadda arzikin manomi ya koma lambu, gwargwadon yadda tsohuwar hanyar da dami ke bi ya isa rumbun malam take ƙanƙancewa, ba tare da kowa ya yi laifi ba. Mai lambun da ya cika mota da albasa zai iya zama bai saɓa wa kowa ba, makarantar unguwarsu kuma ba ta ga ko ƙwaya ba. Waƙafi ne ke iya toshe wannan gurbi, domin shi ba ya jiran nisabi.

A ganina abin da ya dace ƙarami ne. Kadada ɗaya ko biyu kusa da ruwa, injin ban-ruwa ɗaya, rumfar ajiya mai shan iska. A yi renon irin albasa da ƙarshen damina, a dasa da shigowar sanyi, a cire kafin zafi ya tsananta. A gefe a ja fangalin alayyafo da kuɓewa da yakuwa na tukunyar yara, da damina a sa masara ko shinkafa. Mutanen Aliero za su gaya maka ribar albasa ba ranar cira take ba, lokacin da kowa ya kai kasuwa farashi ya faɗi. Tana wajen wanda ya iya ajiyewa wata uku ko huɗu ba ta ruɓe ba. Makarantar da ba ta ci bashin taki ba tana iya jira.

Haɗarin kuwa shi ne wanda Luoyang da Dunhuang suka nuna, kuma mun san irinsa a gida. Gonar malam takan rikiɗe ta zama gonar da yara ke yi wa bauta: yaro ɗan shekara takwas ya wuni a rana yana jan tiyo, allonsa na jingine wata guda ba a wanke ba, kuɗin albasa kuma ya tafi sayen babur ko ƙarin aure. Wannan ba tarbiyya ba ce, ƙodago ne ba lada. Aikin ƙarfi na gardawa ne, da awanni sanannu, kuma gardin da ya yi rani yana ban-ruwa ya cancanci kasonsa a hannu. Feshin magani ba na yara ba ne ko kaɗan. Malamin da ke aika yara lambu shi ma a riƙa ganin ƙafarsa a can.

Sai batun takarda. Filin da aka ba malami da baki, ranar da ya rasu magada za su raba shi, ko 'ya'yan wanda ya bayar su ce aro ne. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin karkara a hannun ƙaramar hukuma ake neman shaidarsa, na gari a hannun gwamna. Waƙafin makaranta na buƙatar a rubuta shi da sunan makarantar, ba na malamin ba, a gaban alƙali da hakimi da shaidu, a ambaci iyakokinsa huɗu. A bakin tafki kuma a tantance ko filin na cikin inda ruwa ke hawa, da inda dabbobi ke bi su sha, don kada lambun sadaka ya zama sabon filin rigima da makiyaya. A naɗa mutum uku daga unguwa, ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya rumbu, ɗaya littafi, a riƙa sauya su. Bayan an cire albasa, a karanta lissafin a masallaci ranar Juma'a: buhu nawa aka samu, nawa aka sayar, nawa ya tafi mai da taki, nawa ya shiga tukunya.